Yarjejeniyar Alinagar ta 1757: Me Ya Sa Sarkin Bengal Ya Sa Hannu, Kuma Wa Ya Fara Saɓa Ta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A darasin tarihin Indiya na ga cewa Nawab Sirajud Daula na Bengal ya ƙulla sulhu da kamfanin Turawan Ingila a watan Fabrairun 1757, amma ko wata biyar ba a yi ba sai ga su suna gwabzawa a Palashi. Me ke cikin yarjejeniyar? Me ya sa ya amince da ita alhali ya fi su mayaƙa nesa ba kusa ba? Kuma wa ya fara saɓa ta?

Amsa: Barka kadai, ɗalibi. Yarjejeniyar da kake nufi ita ce ta Alinagar, wadda aka sa wa hannu ranar 9 ga Fabrairu, 1757. Alinagar ba wani gari ne dabam ba, Kalkata ce. Sirajud Daula ne ya sauya mata suna bayan ya ƙwace ta daga hannun Turawa a Yunin 1756. Yawancin masu ba da labarin Bengal sukan tsallake daga faɗuwar Kalkata zuwa yaƙin Palashi, su ambaci wannan takarda a layi ɗaya su wuce. A ganina wannan babban kuskure ne. Mulkin da ya suɓuce a Palashi, tun a Alinagar aka fara miƙa shi, kuma da sunan ciniki aka miƙa shi.

Sai ka fara sanin ƙasar da ake magana a kai. Bengal ta wancan zamani ita ce lardi mafi arziki a daular Mughal, daular Musulmi da ke mulkin Indiya daga Delhi. Daga Dhaka ake samun yadin auduga mai laushin da duniya ke rububinsa, daga Kasimbazar alharini, daga yankin Patna kuma gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Bayan rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707 ƙarfin Delhi ya ja baya, gwamnonin Bengal, masu laƙabin Nawab, suka zama masu cin gashin kansu a birnin Murshidabad, suna riƙe da Bengal da Bihar da Orissa, ko da yake sunan sarkin Delhi ne a huɗuba da jikin kuɗi. Turawan Ingila kuwa baƙi ne 'yan kasuwa, kamar Faransawan Chandannagar da 'yan Holan na Chinsura. Kamfaninsu na Gabashin Indiya ya samu izinin kafuwa daga Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1600, ya yada zango a Kalkata a 1690, ya sayi ikon karɓar harajin ƙauyuka uku a wurin a 1698, ya gina sansanin Fort William. Kayan Ingila ba su da kasuwa sosai a Bengal, don haka azurfa Kamfani ke lodowa a jiragen ruwa ya zo ya sayi yadi.

Tushen rigimar duka wata takardar gata ce da Sarkin Delhi Farrukhsiyar ya ba Kamfani a 1717. Ta yafe masa kuɗin fito a Bengal, ya riƙa biyan rupi 3,000 kacal a shekara, ta kuma ba shi izinin ƙara sayen ƙauyuka 38 a kewayen Kalkata. Kayan Kamfani sukan wuce shingayen masu karɓar fito da wata takardar shaida da ake kira dastak, wadda Kamfanin da kansa ke bayarwa. Murshid Kuli Khan, Nawab na lokacin, mutum ne da ya san kan haraji ciki da bai. Ya yarda da yafe fito a kan hajar da Kamfani ke shigowa da ita ko fitarwa, amma ya toshe hanyar sayen ƙauyukan, bai kuma sakar musu gidan buga kuɗi ba. Inda ɓarna ta shigo shi ne, albashin ma'aikatan Kamfani bai taka kara ya karya ba, kowannensu da cinikinsa na gefe yake tara dukiya. Sai suka riƙa liƙa dastak a kan kayansu na kansu, har suna sayar da ita ga attajiran ƙasa. Baitulmalin Nawab yana asara, ɗan kasuwar da ke biyan fito tsakani da Allah kuma ba ya iya gogayya da wanda ba ya biya.

Aliwardi Khan, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1756, ya shafe shekara goma yana fama da harin mayaƙan Maratha na yammacin Indiya, don haka ya bi Turawa da lallami da sa ido. Ya ga yadda Ingilishi da Faransawa suka mayar da sarakunan kudancin Indiya abin naɗawa da tuɓewa. An ruwaito yana kwatanta Turawa da amyar zuma: ka bar su ka sha zumarsu, ka tsokane su su harbe ka har lahira. Abu ɗaya ne bai taɓa sassautawa a kai ba, wato ƙarfafa ganuwa. Hujjarsa ita ce ɗan kasuwa da ke ƙarƙashin kariyar sarki ba ya bukatar igwa.

Da ya rasu a Afrilun 1756, jikansa Sirajud Daula ya gaje shi yana ɗan shekara 23 ko kusa da haka, gida kuma a rabe. Innarsa Ghaseti Begum ba ta ƙaunarsa, ɗan'uwansa Shaukat Jang na Purniya yana neman kujerar. A daidai wannan lokaci ne Turawan Kalkata suka shiga gyaran ganuwarsu ba da izini ba, don tsoron yaƙi da Faransa, suka ba Krishnadas mafaka, wanda ya gudo da dukiya alhali fada na tuhumar mahaifinsa Rajballabh da cin kuɗin hukuma, sannan gwamnansu Roger Drake ya kori manzon da Nawab ya aiko. A wasiƙar da Siraj ya rubuta wa attajirin Armeniya Khwaja Wajid, laifuka uku ya lissafa: ganuwa, wasa da dastak, da ɓoye waɗanda hukuma ke nema. Duk wanda ya duba da idon adalci zai ga babu ko ɗaya daga cikinsu da za a ce zalunci ne sarki ya yi ƙorafi a kansa. Ya kama gidan cinikinsu na Kasimbazar, ya wuce Kalkata, ta faɗi ranar 20 ga Yuni, 1756, bayan Drake ya tsere a jirgin ruwa ya bar mutanensa. A daren ne aka cusa fursunoni a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki a cikin sansanin, zafi da rashin iska suka kashe da yawansu. John Holwell, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ya ce mutum 146 aka cusa, 23 suka fita da rai. Masu bincike na baya sun nuna adadin bai kai haka ba, kuma babu shaidar cewa Siraj ne ya ba da umarni. Mutane sun mutu mutuwar wahala, wannan gaskiya ne. An kuma yi shekaru ana amfani da labarin don halatta duk abin da ya biyo baya.

Daga Madras, sansanin Kamfani a kudancin Indiya, aka turo Kanar Robert Clive da sojojin ƙasa, da Admiral Charles Watson da jiragen yaƙin Sarkin Ingila. Suka karɓe Kalkata ranar 2 ga Janairu, 1757, suka haura kogi suka washe garin Hugli. Siraj ya sauko da runduna mai yawan gaske ya yi sansani a bakin Kalkata. Da asubahin 5 ga Fabrairu, cikin hazo mai kauri, Clive ya kutsa tsakiyar sansanin. Ta fuskar dabarun yaƙi harin bai yi kyau ba: sun ɓata hanya a cikin hazon, sun yi asarar mutum kusan 60, sun bar igwa biyu a baya. Amma sun ratsa kusa da inda Nawab ke kwana, sun kashe masa mutane da dawaki masu yawa. Bayan kwana huɗu aka sa hannu.

To, me takardar ta ƙunsa? Ta tabbatar wa Kamfani duk gatan 1717, har da ƙauyukan da aka hana shi shekara 40. Ta ce duk kayan da ke ɗauke da dastak na Ingila su wuce ta ruwa ko ta tudu, a Bengal da Bihar da Orissa, kada wani mai shinge ko mai ƙasa ya karɓi ko anini. Ta ce a mayar da gidajen ciniki da dukiyar da aka ƙwace. Ta ba su damar gina ganuwar Kalkata yadda suka ga dama. Ta kuma ba su izinin buga kuɗin zinariya da na azurfa a Kalkata, masu nauyi da inganci daidai da na Murshidabad. Nawab ya rantse da Allah da Manzonsa zai cika. Su kuma Turawa suka yi alkawarin ci gaba da ciniki kamar da, ba za su cuci kowa ba gaira ba dalili, ba za su ɓoye ɓarawo ko mai kisan kai ko wanda hukuma ke bi bashi ba. Clive da Watson suka ƙara da wasiƙun abota, cewa maƙiyin Nawab maƙiyinsu ne.

Yanzu ka jera wannan kusa da laifuka ukun da Siraj ya lissafa wata takwas da suka wuce. Ganuwar da ya ɗauki makami a kanta, ya halatta ta a rubuce. Dastak da ya ce ana cutar baitulmalinsa da ita, ya sake ta ba tare da an rubuta wata iyaka tsakanin kayan Kamfani da kayan ma'aikacin Kamfani ba, alhali a wannan giɓin ne ɓarnar take. A kan na ukun ne kaɗai ya samu wani abu, shi ma alkawari ne na fatar baki da ba shi da hanyar tilasta cika shi, tunda garin da za a ɓoye mutumin yanzu yana bayan igogin da shi da kansa ya yarda a kafa.

Batun buga kuɗi ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a darussa. A daulolin Musulmi tun fil azal, alamomin mulki biyu ne: a ambaci sunanka a huɗuba, kuma kuɗi su fito daga ƙarƙashin ikonka. Gaskiya ne kuɗin da aka fara bugawa a Kalkata a 1757 suna ɗauke da sunan Sarkin Delhi Alamgir na biyu, ba na Sarkin Ingila ba. Amma hannun da ke auna azurfar ya buga ta ya sauya. Kafin nan gidan Jagat Seth, manyan masu banki na Murshidabad, su ke juya gidan buga kuɗi. Kamfani in ya sauke azurfarsa, kusan dole ya sayar musu a farashin da suka yanka, in kuma ya kawo rupin Madras a karɓa da ragi. Da wannan sharaɗi Kamfani ya samu hanyar fita daga wannan ƙangi. Baƙon da ke da garinsa mai ganuwa, da sojansa, da ƙauyukan da yake karɓar harajinsu, da kuɗin da yake bugawa, da hajar da ba mai ikon tsayarwa, ya daina zama ɗan kasuwa a ƙasar wani. Ya zama hukuma a cikin hukuma, ko da kuwa kowane sharaɗi in ka ɗauke shi shi kaɗai kamar maganar kasuwa ne.

Mai karatu daga ƙasar Hausa ba zai rasa jin wani abu ya motsa masa a nan ba. A 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie, wanda bayan shekara guda ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardun yarjejeniya. Abin da sarakuna suka ɗauka izinin ciniki ne, Ingila ta riƙa nuna shi ga Faransa da Jamus a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga rabonta. Zamani da yanayi sun bambanta ƙwarai, amma salon tura kamfani gaba da takarda, tun a Indiya Ingila ta goge a kansa.

Sai tambayarka ta biyu, me ya sa ya yarda. Ba a ci Siraj da yaƙi ranar 5 ga Fabrairu ba. Rundunarsa tana nan daram. Abin da ya karya masa gwiwa daga arewa maso yamma yake. A Janairun 1757 Ahmad Shah Abdali na Afganistan ya shiga Delhi ya washe ta, daga baya mayaƙansa suka afka wa Mathura, jita-jita kuma ta cika gari cewa Bihar da Bengal zai nufa. A idon duk wani basaraken Indiya na lokacin, Abdali ne babban bala'i. Shi ne mai dubban mahaya da ke rusa birane ya kwashe taskoki. Turawa kuwa 'yan tsiraru ne a bakin kogi, abin da suke nema ragin fito da diyya. Siraj ya ga gara ya rufe ƙaramar ƙofa ya fuskanci babba. Har ma a farkon Maris ya yi wa Clive tayin rupi 100,000 duk wata in zai kawo sojojinsa su taya shi tare Afganawa. Lissafin nasa ba na wawa ba ne, sai dai Abdali ya juya ya koma gida a watan Afrilu, bayan annoba ta shiga rundunarsa, bai taɓa taka Bengal ba.

Akwai kuma matsalar cikin gida. Siraj bai amince da manyan kwamandojin da ya gada daga kakansa ba, su ma ba su amince da shi ba. Ya ɗaukaka sababbin mutane irin su Mohanlal da Mir Madan a kan tsofaffin fada, yana da saurin fushi da kaifin harshe, har an ruwaito ya mari Jagat Seth a bainar jama'a. Ko da za mu rage wani abu daga waɗannan labarai, tunda yawancinsu daga alƙalamin maƙiyansa suka fito, abin da ya rage ya isa ya nuna saurayi ne da bai iya riƙe manya ba. Sarkin da ke shakkar waɗanda ke tsaye a bayansa ba ya son dogon yaƙi. Attajirai su ma sun matsa a yi sulhu don ciniki ya tsaya cik, kuma wakilin gidan Jagat Seth, Ranjit Rai, shi ya riƙa kai gwauro yana kai mari tsakanin ɓangarorin.

Kada ka ɗauka Clive ya sa hannu ne don ya fi ƙarfi. Shi ma a tsorace yake. Labari ya riga ya iso cewa yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a Turai, ga kuma sojojin Faransa a Chandannagar, 'yar tafiya kaɗan sama da Kalkata. Da sun haɗa kai da Nawab a wannan mako, da wuya Turawan Ingila su kai labari. Watson ya so a sake kai hari, Clive ya ƙi. Bukatarsa ita ce ya raba Nawab da Faransawa, ya ci su ɗaya bayan ɗaya, kuma takardar ta ba shi wannan.

Wannan ya kawo mu kan wanda ya fara saɓawa. Yarjejeniyar ba ta ba Ingilishi izinin yaƙar kowa a cikin ƙasar Nawab ba, kuma Siraj ya faɗa musu ƙarara cewa bai yarda baƙi su yi faɗa a ƙasarsa ba. Duk da haka suka matsa. A farkon Maris Watson ya aika masa wasiƙa yana barazanar kunna wutar da duk ruwan kogin Ganga ba zai iya kashewa ba. Siraj, wanda hankalinsa ke kan Abdali, ya maido da amsa mai harshen damo, suka ɗauke ta a matsayin izini. Jiragen Watson suka haura kogi, Chandannagar ta faɗi ranar 23 ga Maris, sojojin Nawab da ke Hugli ƙarƙashin Nandakumar kuma ba su ɗaga ko yatsa ba. Ko mako bakwai ba a yi da rantsuwa ba, Siraj ya rasa ƙarfin Turai ɗaya tilo da zai iya dogara da shi a kan Ingilishi.

Shi fa, ya cika nasa? Galibi ya cika. Clive da kansa ya rubuta wa Madras a ƙarshen Maris cewa Nawab ya zartar da yawancin sharuɗɗan, an biya kuɗi, an mayar da kaya masu yawa. Amma ba zan wanke shi tas ba. Ya riƙa rubuta wa kwamandan Faransa Bussy da ke kudu yana gayyatarsa. Ya karɓi Jean Law da Faransawan da suka tsira, da Ingilishi suka matsa ya sallame su daga Murshidabad amma bai yanke hulɗa da su ba. Yau ya aika wa Clive kyauta, gobe ya yi barazanar kashe wakilin Kamfani. Sai dai ka lura, yawancin wannan martani ne na mutumin da ya gane an yi masa ƙawanya.

Akwai wani giɓi a takardar da ya zama makamashin abin da ya biyo baya. A kan batun mayar da dukiya, abin da Nawab ya amince da shi shi ne abin da aka ƙwace da umarninsa aka shigar a littattafan hukuma. Abin da sojoji suka wawashe daga gidajen mutane a Kalkata bai shiga wannan lissafi ba, kuma mafi yawan asarar manyan Turawa ta kansu a nan take. Mutanen da ke zaune a majalisar Kamfani suna yanke shawarar yaƙi ko sulhu, su ne waɗanda aljihunsu ya ƙone, sun kuma san muddin Siraj na kan gado ba za a biya su ba.

A farkon Mayu kwamitin Kamfani a Kalkata ya yanke shawarar goyon bayan juyin mulki. William Watts, wanda ke zaune a fadar Murshidabad da sunan sa ido a kan cika yarjejeniyar Alinagar, shi ne ke ƙulla makircin da gidan Jagat Seth, da Rai Durlabh, ɗaya daga cikin manyan fadawan Nawab, da Mir Ja'afar, babban kwamanda kuma surukin gidan Aliwardi. A nan ne ni nake ganin amsar tambayarka take, babu kwana-kwana. Wanda ya rantse maƙiyinka maƙiyinsa ne, sannan ya zauna a gidanka yana cinikin kujerarka da bayinka, shi ne ya warware alkawari, ko da kai ka yi jinkirin biyan wani kaso na diyya.

Yadda aka ƙulla yarjejeniya ta biyun ya isa ya nuna maka darajar takarda a wurinsu. Wani attajiri mai suna Amir Chand, wanda Turawa ke kira Omichund, ya san sirrin, ya nemi kashi 5 cikin 100 na taskar Nawab ko ya tona. Clive ya sa aka rubuta takarda biyu, ta gaskiya a farar takarda babu sunansa, ta bogi a jar takarda da rabonsa a ciki. Watson ya ƙi sa hannu a ta bogin, sai aka ƙirƙiri sa hannunsa. A farkon Yuni Watts ya shiga gidan Mir Ja'afar a ɓoye, cikin abin ɗaukar matan fada mai labule, Mir Ja'afar ya ɗora Alƙur'ani a kansa, ya dafa kan ɗansa Miran, ya rantse. Sharaɗin farko shi ne zai tabbatar da duk abin da Siraj ya amince da shi a Alinagar. Sannan rupi miliyan 10 ga Kamfani, miliyan 5 ga Turawan Kalkata, miliyan 2 ga 'yan ƙasa mazauna garin, 700,000 ga Armeniyawa, da ikon harajin ƙasar da ke kudu da Kalkata, da hana Faransawa sake zama, ban da kyaututtukan sojoji da na manyan Kamfani.

Ranar 13 ga Yuni Clive ya tashi da runduna, ya aika wa Siraj wasiƙa yana zarginsa da saɓa yarjejeniyar Fabrairu, yana cewa zai zo a gabatar da ƙarar gaban manyan fada, cikinsu har da Mir Ja'afar da Rai Durlabh da Jagat Seth, wato mutanen da ya riga ya gama shiri da su. Takardar sulhun ita ce ta zama hujjar yaƙi. A Palashi, ranar 23 ga Yuni, Clive yana da mutum wajen 3,000, akasarinsu sojojin haya 'yan Indiya, Nawab yana da kimanin 50,000. Kaso mafi girma na rundunar, ƙarƙashin Mir Ja'afar da Rai Durlabh da Yar Lutuf Khan, tsayawa suka yi suna kallo. Ruwan sama ya jiƙa albarushin Nawab, na Turawa yana rufe da tamfal. Mir Madan, wanda ya yi yaƙi da gaske, ya faɗi. Siraj ya gudu, aka kama shi kusa da Rajmahal, aka kashe shi ranar 2 ga Yuli da umarnin Miran. Da aka buɗe taska sai aka tarar ba ta kai abin da ake zuzutawa ba, aka biya rabi nan take, saura a cikin shekara uku. Duk da haka sama da rupi miliyan 7 aka lodo a jerin jiragen ruwa zuwa Kalkata a kashin farko, Clive shi kaɗai ya tashi da fam 234,000.

Idan kana son ganin abin da sharaɗin dastak ya haifa, dubi Mir Kasim, wanda Kamfani ya ɗora a 1760 bayan ya tuɓe Mir Ja'afar. Mutum ne mai ƙwazo, ya mayar da fadarsa Munger don ya yi nesa da Kalkata, ya gyara soja da haraji. Ya tarar ma'aikatan Kamfani da yaransu sun mamaye cinikin cikin gida, gishiri da taba da ƙwayar betel da ake taunawa kamar goro, ba sa biyan fito, suna tilasta wa talaka ya sayar musu da arha ya saya da tsada. Ya daidaita da gwamna Henry Vansittart a kan su riƙa biyan kashi 9 cikin 100, majalisar Kalkata ta yi fatali da shi. Sai ya soke kuɗin fito ga kowa da kowa, don ɗan ƙasa ya samu daidaito da baƙo. Majalisar ta ce bai isa ba, dole ya ci gaba da karɓa daga mutanensa ya ƙyale Turawa. Yaƙi ya ɓarke a 1763, shi ma ya zubar da jinin da ba shi da hujja, ya kashe fursunonin Turawa a Patna, ya kashe shugabannin gidan Jagat Seth biyu da suka taimaka aka kayar da Siraj. Aka ci shi da abokan ƙawancensa a Baksar a Oktoban 1764.

A Agustan 1765, a Allahabad, Sarkin Delhi Shah Alam na biyu ya miƙa wa Kamfani ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa baki ɗaya, a kan za a riƙa ba shi rupi 2,600,000 a shekara. Daga nan Kamfani ya kusan daina kawo azurfa daga Ingila. Da harajin manomin Bengal yake sayen yadin masaƙin Bengal ya fitar. Lokacin da fari ya jawo yunwar 1769 zuwa 1770, ba a sassauta karɓar haraji yadda ya kamata ba. Warren Hastings, gwamnan Kamfani a Bengal, ya rubuta wa shugabannin Kamfani a Landan a 1772 cewa aƙalla sulusin mutanen lardin sun halaka, kuma harajin da aka tara a 1771 ya zarce na 1768. A wannan shekara ta 1772 ce ya kwashe baitulmali daga Murshidabad ya mayar da shi Kalkata.